RA'AYI: Kafin Mai Sana'a Ya Rufe Shagonsa

Binciken da Hukumar Bunƙasa Ƙanana da Matsakaitan Sana'o'i, watau SMEDAN, ta gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna cewa a shekarar 2017 akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i miliyan 41.5 a Nijeriya, amma zuwa ƙarshen 2020 sun koma miliyan 39.6. Ke nan cikin shekara uku kacal kusan sana'o'i miliyan 2 suka ɓace daga lissafi. Kowace ɗaya daga cikinsu kuwa akwai gidan da take ciyarwa, akwai yaron shagon da take biya, akwai kuma mutumin da ya kwana bai runtsa ba kafin ya yanke shawarar sa kwaɗo a ƙofa.

Wannan lissafi ma an yi shi ne kafin babbar guguwar ta taso. A farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin fasalin Naira, har mai tumatir da mai kifi suka riƙa kallon hajarsu tana ruɓewa alhali ga masu saye tsaye. Ranar 29 ga Mayu na wannan shekara aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000 a wurare da dama. A watan Yuni aka saki Naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da ke wajen Naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 a Fabrairun 2024. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Jamhuriyar Nijar aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, fataken Jibiya da Illela da Maigatari suka zauna jugum. A Afrilun 2024 aka ninka kuɗin lantarki har fiye da sau uku ga waɗanda ke rukunin farko, cikinsu har da masana'antu masu yawa. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100.

Saboda haka duk mai sana'ar da ya ce ya gaji, ba a yi masa adalci ba idan aka kira shi rago. Tela da mai walda da mai injin niƙa da matar da ke sayar da kayan miya a zaure sun sha wuyar da ta isa ta karya zuciyar kowa. Abin da wannan jarida take so a duba shi ne abin da ya kamata mutum ya yi a ranar da zuciyarsa ta ce masa ya haƙura ya nemi wani abin, da kuma abin da ya wajaba a kan hukuma da ma'aikatanta domin kada ranar ta riƙa zuwa da wuri.

Ba sai an tafi Amurka ko Ingila neman misali ba. Tarihin marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata ya isa. An haife shi a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa, fataken goro. Mahaifinsa ya rasu yana ƙaramin yaro, mahaifiyarsa kuma ta tafi Gwanja, ya tashi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda da sunanta duniya ta san shi. Da yaƙin basasar Kano ya ɓarke a 1893, masu rubuta tarihinsa sun ce an kama shi tare da 'yan'uwansa aka mai da su bayi, sai daga baya suka fanshi kansu. Watau mutumin da ya zama attajirin da ba a yi kamarsa a Afirka ta Yamma ba a zamaninsa, ya soma ne daga inda ko kansa bai mallaka ba.

Amma abin lura a rayuwarsa ya wuce juriya kawai. A wancan zamani fatauci zuwa Gwanja tafiya ce ta ayari, da madugu da jagaba da jakuna, a yi wata da watanni a hanya, a biya fito a bakin kogi, a biya kuɗin hanya a ƙasar kowane sarki, a kuma yi fama da 'yan fashi. Alhassan yana cikin waɗanda suka fara gane cewa wannan hanya ta tsufa. Sai ya koma ɗauko goro ta jirgin ruwa daga gaɓar tekun Gwalkwas, ƙasar da ake kira Ghana a yau, zuwa Ikko. Da dogo ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa, ya sake juyawa, ya zama babban mai sayen gyaɗa na kamfanin Neja tun daga 1918. Labarin da ya shahara shi ne a 1929 ya kai ajiyar azurfa kayan raƙumi 20 a reshen bankin Turawa na Afirka ta Yamma da ke Kano. Bayan haka ne kasuwar duniya ta karye, farashin gyaɗa ya faɗi warwas a farkon shekarun 1930, amma bai tashi daga kasuwa ba har Allah ya karɓi ransa a Agustan 1955.

Ita kanta gyaɗar ba ta dawwama ba. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da cutar da ta cinye gonakin gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin hukuma daga noma, su suka haɗu suka rushe dalar gyaɗa ta Kano. 'Yan kasuwa da yawa da suka ɗaure rayuwarsu da buhun gyaɗa sun tafi tare da ita. Gidan Ɗantata kuwa ya riga ya bazu cikin gine-gine da sufuri da masana'antu, ƙarƙashin 'ya'yansa irin su Alhaji Sanusi da Alhaji Aminu, wanda ya rasu a Yunin 2025. Abin da gidan ya riƙe gam shi ne kasuwanci da sunan kirki. Hajar kuwa, goro ce ko gyaɗa ko siminti, an ɗauke ta tamkar riga, idan ta tsufa a sake wata. Hausawa dai sun ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Alhaji Aliko Ɗangote, tattaɓa-kunnen Alhassan ta wajen uwa, shi ma bai tsira daga faɗuwa ba, ko da yake ba a cika ba ɗalibai wannan ɓangare na labarinsa ba. Ya zuba jari a masaƙa ya yi asara ya rufe. Ya buɗe kamfanin tumatir a Kadawa a 2016, cikin ɗan lokaci tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, kamfanin ya tsaya don babu abin da zai niƙa. Matatar man da ya ba da sanarwarta a 2013 ba ta fara aiki ba sai Janairun 2024, bayan an ɗaga ranar buɗe ta sau da yawa.

To, amma fa a nan sai a yi hattara. Masu lacca a tarurrukan matasa suna son kawo sunan Ɗangote su ce kowa ma zai iya. Wannan magana tana da daɗin ji, sai dai akwai rashin gaskiya a cikinta. Mutumin da ke da kamfanoni goma, idan ɗaya ya durƙushe tara za su tallafe shi, kuma manajan banki ne zai taka zuwa ofishinsa. Mai shago ɗaya a Kantin Kwari ko Kasuwar Barci idan ya faɗi, da shi da iyalinsa suka faɗi gaba ɗaya. Don haka misalin da ya fi dacewa da yawancin masu karatu shi ne na ƙananan mutane, waɗanda ba a rubuta sunayensu a littafi.

A Janairun 2013 Gwamnatin Jihar Kano ta hana acaɓa a cikin birni saboda matsalar tsaro. Dubban matasa suka wayi gari babu abin yi. Wasu sun koma ƙauyukansu, wasu sun zauna majalisa suna zagin gwamnati, amma da yawa sun sayar da babur suka karɓi A Daidaita Sahu a kan sharaɗin biya da kaɗan-kaɗan, har suka mallaka. A Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari, ta bar mutanen da jiya suke ba da zakka yau suna neman na cefane. Kasuwar ta sake tashi, kuma duk wanda ya san yadda ake ciniki a Kano ya san abin da ya fi tayar da mafi yawan waɗanda suka tashi. Manyan diloli ne suka ba su kaya bashi, babu takarda babu jingina, saboda an san su da biya tun kafin wuta ta kama. Wanda aka sani da taurin bashi kuwa, gobarar ta zama ƙarshensa. Haka nan masu shirya finafinan Hausa, da satar fasaha ta kashe kasuwar faifai, waɗanda suka tsaya kuka sun shuɗe, waɗanda suka koma shirya wasanni masu dogon zango a talabijin da YouTube suka sami sabuwar rayuwa.

Abin da waɗannan misalai suka haɗu a kai shi ne, ƙarfin gwiwa yana da abin da yake tsayuwa a kansa. Mutum ba ya samunsa daga tafi da kirari a zauren taro. Yana samunsa ne idan ya san akwai wanda zai amince masa da kaya, akwai ɗan abin da ya ajiye, akwai kuma wata sana'a ta kusa da zai iya tsallakawa zuwa gare ta. Wanda ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan, duk wa'azin da za a yi masa na kwana ɗaya ne.

A nan ne ya zama dole a faɗa wa masu sana'a gaskiya, ko da ba za ta yi daɗi ba. Ba duk shagon da ya mutu gwamnati ce ta kashe shi ba. Babbar cutar ƙaramin ɗan kasuwa a wannan ƙasa ita ce cin uwa tare da riba. Aljihun shago da aljihun gida ɗaya ne. Daga nan ake cefane, daga nan ake kuɗin makaranta, daga nan ake lefe da gara da ragon suna, daga nan ake sallamar ɗan'uwan da ya zo daga ƙauye. Ga kunyar hana bashi, har littafin masu cin bashi ya fi kantar kaya nauyi, in ma akwai littafin. A lokacin hauhawar farashi kuma akwai wani tarko da ya fi wannan ɓuya. Mutum zai sayo buhu Naira 40,000 ya sayar 45,000 ya yi murnar ribar 5,000 ya kashe ta, ya koma sari ya tarar buhun ya zama 48,000. A ido ya ci riba, a zahiri jarinsa ne ya zaizaye. In aka yi haka sau biyar, sai ya ga shago ya yi fayau, ya fara zargin maƙiya da sammu. Sau da yawa abin da ake kira karayar zuciya rashin lissafi ne ya haife shi, domin wanda bai san inda yake ba tsoronsa ya fi na kowa. Ƙaramin littafi da biro, da yanka wa kai albashi daga shagon kamar yadda ake yanka wa yaro, sun fi layu da yawa amfani.

Ma'aikatan gwamnati suna da rabonsu a wannan gargaɗi. Tsarin Mulki na 1999 ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ta kansa in ban da noma, saboda haka yawancinsu ba sa sanin kasuwa sai ranar da suka yi ritaya. Sai mutum ya karɓi garatutinsa bayan shekara 35 yana aiki, ya zuba shi gaba ɗaya a kiwon kaji ko motar haya, don kawai ya ga maƙwabcinsa yana yi. Cuta ɗaya ko haɗari ɗaya ya isa ya share gumin rayuwa. Irin wannan ba ya tashi, domin ya shiga da ƙafa biyu ruwan da bai san zurfinsa ba. Kakannin 'yan kasuwar Kano ba haka suka yi ba. Yaro yakan yi shekaru a hannun ubangida yana ɗaukar kaya, yana koyon awo da sanin haja da halin masu saye, kafin a yaye shi a ba shi jari. Babu abin kunya idan tsohon darakta ya zauna wata shida a shagon wani yana koyo kafin ya taɓa kuɗinsa.

Ɗalibai kuma, tun bayan umarnin Gwamnatin Tarayya na 2006 ake koyar da darasin dogaro da kai a jami'o'i, Hukumar Yi wa Ƙasa Hidima ma ta shigo da nata shirin koyon sana'a a 2012. Manufar tana da kyau. Sai dai da yawa suna riƙe sana'ar ne kamar rumfar fakewa kafin ruwa ya ɗauke, ido yana kan takardar ɗaukar aiki. Wanda ya shiga da wannan niyya, asarar farko ita ce ta ƙarshe. Alhali kuwa shekara biyu ko uku na farko a kowace sana'a na neman masu saye ne da koyon kuskure, kuma gwamnatin da ake jira ba ta da kujerun da za su ɗauki ko kashi kaɗan na masu fitowa daga makarantu kowace shekara.

Duk da haka wannan jarida ba ta cewa kowane shago dole ne a ci gaba da shi ko ta halin ƙaƙa. Akwai bambanci tsakanin haƙuri da taurin kai. Idan lissafi ya nuna wata shida a jere ana cin jari, idan an fara karɓar bashi domin biyan bashi, idan an kai ga tunanin jinginar da gidan da iyali ke ciki, to rufewa da sauran abin hannu ya fi a jira a rufe da ƙarfin kotu. Masaƙar Kaduna da aka kafa a 1957 ta tsaya a 2002, babbar masaƙar UNTL ta bi sahu a 2007, kuma babu yawan juriyar da za ta sa ƙaramin mai saƙa ya ja da atamfar da ake shigowa da ita daga Sin a farashin da bai kai kuɗin zarensa ba. Wanda ya janye da rabin jarinsa da cikakken mutuncinsa zai iya dawowa ta wata ƙofar. Wanda ya ɓuya wa masu binsa bashi, ya kashe waya, ya canza unguwa, ya sayar da abin da gobara ma ba ta ci. Kamata ya yi ya je da ƙafarsa ya faɗi halin da yake ciki, a tsara masa biya. 'Yan kasuwa sun saba yafe wa wanda ya karye, amma ba sa mantawa da wanda ya gudu.

Addini ma bai bar mutum cikin duhu a nan ba. An san labarin Sahabi Abdurrahman ɗan Aufu, wanda ya isa Madina ba shi da komai, aka yi masa tayin rabin dukiya ya ƙi karɓa, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa, daga baya ya zama cikin manyan attajiran Sahabbai. Malamai kuma sun sha bayyana cewa tawakkali yana zuwa ne bayan an yi abin da ya kamata. Abin takaici ne a ce kalmar ƙaddara ta zama bargon da ake lulluɓe sakaci da shi.

Sauran magana ta hukuma ce, kuma a nan ma'aikatan da ke karanta wannan shafi su ne abin nufi. Ɗan kasuwa yana iya jure tsadar dala, domin ya san ba a unguwarsu ake yanka farashinta ba. Abin da ke kashe masa jiki shi ne wulaƙancin da ke zuwa daga teburin da aka kafa don a taimake shi. Ƙaramin ɗan kwangila zai ci bashi ya kawo kujerun makaranta, fayil ɗinsa ya yi shekara yana yawo tsakanin ofisoshi, kuɗin ya fito bayan darajarsa ta zube. Mai shago zai ga masu karɓar haraji kala-kala cikin wata guda, na ƙaramar hukuma da na jiha da na tsafta da na allon talla, kowa da rasiɗinsa, wani ma babu rasiɗin. Direban da ya ɗauko hatsi daga Dawanau zuwa kudu zai ƙirga shingaye har ya gaji. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Magatakardan da ya danne fayil yana jiran na goro wataƙila bai san cewa sa hannunsa ɗaya shi ne tsakanin wani shago da rufewa ba, ko kuwa ya sani bai damu ba.

Rancen gwamnati shi ma yana bukatar gyara daga ɓangarorin biyu. Shirin ba manoma rance da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015 ya bunƙasa noman shinkafa, ya sa injinan casa suka yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa, amma ɗimbin waɗanda suka karɓa sun ɗauke shi rabon ganima suka ƙi biya. Sakamakon haka ƙofar ta rufe har ga masu gaskiya. Muddin jerin sunayen masu cin gajiya yana fitowa daga ofishin jam'iyya, to kuɗin zai ƙare a aure da babur. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a sun san wanda ke biya da wanda ba ya biya a cikinsu fiye da kowane kwamiti, kuma tsarin adashi da suka daɗe suna yi shaida ne cewa suna iya karɓo kuɗi daga hannun junansu. Ta hannunsu ya kamata rance ya bi, su tsaya wa mutum, su kuma ɗauki alhakin in ya ƙi biya. Ga waɗanda ke gudun kuɗin ruwa, bankunan da ba sa mu'amala da riba sun samu tun da Jaiz ya fara aiki a 2012, saura a sauƙaƙa sharuɗɗansu yadda mai ƙaramin jari zai iya cikawa.

Wannan jarida tana kira ga gwamnatocin jihohi da su ƙayyade wa'adin da ba za a wuce ba wajen biyan ƙananan 'yan kwangila bayan an tabbatar da aikinsu, a kuma hukunta jami'in da fayil ya kwana a teburinsa ba dalili. A haɗe harajin shaguna ya zama takarda ɗaya a shekara, a liƙa adadinsa da Hausa a ƙofar kowace kasuwa domin kowa ya san abin da ake binsa. Manyan kasuwanni kuma a samar musu da motar kashe gobara da rijiyar burtsatse a cikinsu, a buɗe hanyoyin da rumfuna suka toshe, tun kafin iskar hunturu mai zuwa ta kaɗa.